Inuwa a Harsashin Bangon Gabas

Bangon gabas na gidan tarihinmu ya tsage tun kafin a haifi kakata, kuma har bara bai fasa tsagewa ba. Tsagar tana farawa daga ƙasa, kusa da tagar tsohon kurkuku, ta hau a karkace, ta tsaya a ƙarƙashin katakon bene. Duk shekara idan ƙanƙara ta narke sai ta ƙara buɗe baki. Ni ce shugabar gidan, sunana Rumyana, kuma na gaji tsagar nan daga mahaifina kamar yadda wasu suke gadon ciwon gwiwa.

Turkawa ne suka sa aka gina gidan don hakiminsu, a zamanin da garinmu Yasenik yake zango a kan hanyar Sofiya. Ƙasa dutse ne, kaurin bangon ya isa mutum ya kwanta a bakin taga ya yi barci, masu gadinmu sun sha gwadawa. Sama katako ne. Benen ya turo ciki kan titi bisa lanƙwasassun ginshiƙai, an shafe shi da shuɗi, a babban zaure kuma an sassaƙa rana a rufi. A kan ƙofar shiga akwai wata da'irar dutse. Da farko jinjirin wata ne a cikinta. Da Turkawa suka tafi aka kankare shi aka sa zaki, gidan ya zama kotu. Da 'yan gurguzu suka zo aka kankare zakin aka sa tauraro, gidan ya zama rumbun taba, shi ya sa har yau idan aka yi ruwa baƙi suke tambaya wa yake shan sigari a ɗakin tukwane. Daga baya aka kwashe tabar aka zuba tarihi. Da tauraron ya faɗi, majalisar gari ta zauna a kan abin da za a sa a madadinsa, har yanzu ba ta tashi ba. Da'irar tana nan wayam, baƙi suna ɗaukarta hoto.

Dalilin tsagar kuwa ya danganta da wanda ka tambaya. Mai ilmi zai ce maka akwai wani tsohon rafi da aka cike a gefen gabas, ruwansa kuma bai taɓa yarda an cike shi ba. Sauran gari ma za su ce rafi ne, sannan su rage murya su ba ka labarin jaki.

A da, magina ba sa yarda babban gini zai tsaya sai an binne inuwar mutum a harsashinsa. Ba a taɓa mutumin, ba a ma gaya masa. Zai zo wucewa da safe, inuwarsa ta faɗa cikin rami, magini ya ɗora dutsen farko a kanta, shi ke nan. Mutum ya fara ramewa, kafin kwana arba'in ya tafi, bango kuma ya tsaya har abada. To, mutanen Yasenik ba a yi musu wayo. Da suka ji an haƙa harsashin gabas, gari gaba ɗaya ya daina fita sai rana ta take tsaka. Magini ya jira har ya gaji, hakimi yana ta aiko da faɗa. Ƙarshe jakin mai sayar da ruwa ya kwance ya zo wucewa, aka ɗora dutse a kan inuwarsa. Jakin ya yi shekaru yana cin ciyawarsa lafiya lau, tsufa ne ya kashe shi. Bangon kuma ya ɗauki halin jaki.

Mahaifina, Dinko Karabashev, ya shugabanci gidan kusan rabin rayuwarsa, kuma babu abin da ya tsana kamar labarin nan. Ɗan jam'iyyar gurguzu ne na gaske, ko atishawa ya yi ba ya son a ambaci Allah. Ya yi ta zagaya ƙauyuka yana lacca a kan camfi. Zai tsaya a gaban tsofaffi ya bayyana musu cewa inuwa ba komai ba ce illa wurin da haske bai kai ba. Su tafa masa, su ba shi cuku da barasar gida, ya hau bas ya dawo, su ci gaba da abin da suke yi.

Mahaifiyata Velika ta rasu shekara biyu da suka wuce. Baba bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya koma gida ya zauna, sai na fara ganin abubuwa. Ya ba maƙwabci babbar rigarsa ta sanyi alhali sanyin bai ma shigo ba. Ya bar inabin tsakar gida ya ruɓe a reshe. Ya je wajen mai hoto ya zaɓi wanda za a manna a ƙofa da jikin itatuwa ranar da ya mutu, kamar yadda ake yi a garinmu, ya kuma zaɓi na lokacin da yake da gashi. Na ja shi asibiti, likita ya duba shi ciki da bai, ya ce zuciyarsa ta fi tawa lafiya. Baba ya ɗauki wannan a matsayin cin mutunci, bai yi wa likitan sallama ba.

In kai masa miyar wake, washegari in tarar da ita yadda na bar ta. Na ce ya dawo gidana, tunda ɗana yana Jamus ɗakinsa babu kowa. Ya ce ba zai zama kayan tarihi a gidan 'yarsa ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ga mutum yana tattara kayansa a hankali a gaban idona, babu ciwon da zan nuna wa likita, babu wanda zan kama da faɗa. Ni kuwa idan aka hana ni faɗa ban san sauran aiki ba.

Bara aka amince a gyara bangon daga tushe. Aka aiko mana injiniya daga Sofiya, wata yarinya mai suna Slavova, wadda ta san aikinta. Ta ce za a tokare bene da ƙarafa, a sauke ƙasan bangon dutse bayan dutse, a bi da ruwan rafin ta bututu, a zuba kankare, sannan a mayar da kowane dutse mazauninsa. Usta Jelyo, tsohon maginin garinmu, shi aka ba aikin duwatsun.

Ranar da aka haƙa ramin, titin gabas ya mutu. Titi ne da kowa yake bi da safe zuwa kasuwa da tashar bas, amma a rana ɗaya kowa ya gano cewa lungun majema ya fi daɗin bi, duk da warinsa. Mai kai wasiƙu ya ce likita ya umarce shi ya ƙara tafiya. Gwaggo Ginka, ƙawar mahaifiyata, wadda take sayar da banitsa, burodin nan mai cuku a ciki, a bakin titin tun ina ƙarama, ta kwashe teburinta ta koma bayan coci.

Na je na same ta. “Gwaggo, me ya kawo teburinki nan?”

“Iska, 'yar nan. Iskar nan ta fi ta can.”

“Ba dai jakin ba?”

“Haba Rumyana, wa yake yarda da wannan a zamanin nan? Mu da muka yi makaranta?” Ta naɗe min banitsa mai zafi a takarda, cuku yana tsiyaya. “Ke dai ki riƙa shiga ta ƙofar baya. Ba don komai ba.”

Na riƙa shiga ta ƙofar baya. Ba don komai ba, ta fi kusa da ofishina.

Ana cikin haka sai ga Baba ya fito. Ya aske gemu, ya sa baƙar kwat da malafa, ya zo ya tsaya a bakin ramin da sanyin safiya, hannu a baya, yana kallon ma'aikata. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Yana tambayar Slavova zurfin rami, yana gyara wa Usta Jelyo yadda ake jera duwatsu. Daɗi ya kama ni har na saya wa ma'aikata kofi. Na ce a raina, ashe abin da zai tashe shi ke nan, tsohon bangonsa. Na tafi da murnata wajen Gwaggo Ginka.

Ba ta taya ni murna ba. Ta goge hannu a jikin zanen aikinta ta ce, “Kin ga kwat ɗin da yake sawa?”

“Na gani. Ta yi masa kyau.”

“Dole ta yi masa kyau. Ita ce uwarki ta ajiye masa a ƙasan akwati, ta tafiya, wadda za a binne shi da ita. Ni na taya ta guga.” Ta dube ni kamar yadda ake duban wanda ya yi digiri a banza. “Kuma kin lura da inda yake tsayawa? Kullum rana a bayansa take.”

Da safe na hau bene na leƙa ta taga. Titi babu kowa sai shi. Ya tsaya, ya dubi ƙasan ramin, ya matsa gaba kaɗan, ya koma hagu kaɗan, kamar mai gwada takalmi a kanti. Inuwarsa ta gangara ta bakin ramin, kanta ya kwanta daidai a ƙasa. Ya cire malafa ya duba, ya mayar ya sake dubawa. Da alama ya fi son ta da malafa.

Na sauko na tari Usta Jelyo lokacin cin abinci. Yana zaune a kan tarin duwatsu da burodi da albasa.

“Usta, me Babana yake nema a wajenka?”

“Hira.”

“Usta.”

Ya daɗe yana tauna. “Ya kawo min barasa, tsohuwa, mai kyau. Ya tambaye ni ranar da za a ɗora dutsen farko, da kuma lokaci.”

“Ka ce masa me?”

“Na ce, Shugaba, ba kai ne ka zo makarantarmu muna yara ka ce inuwa ba komai ba ce? Ya ce ƙwarai. Ya ce to tunda ba komai ba ce, me zai hana?” Ya miƙo min albasa, na ƙi. “Ban sami amsa ba. Ke kina da ita?”

“Ka ɗora dutsen da tsakar rana, lokacin da inuwar kowa take ƙarƙashin ƙafarsa.”

“Da ni kaɗai ne, da tuni. Motar kankare da safe take zuwa, limamin coci ma da safe, magajin gari ma. Ki je ki gaya wa yarinyar can.”

Na je na gaya wa Slavova. Ta saurare ni da ladabi har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko wannan yana cikin abin da ake gaya wa baƙi ne. Na ce a'a. Ta ce motar daga wani gari take zuwa, idan ta jira rana kankaren zai daskare a cikinta, kuma ba ta san yadda za ta bayyana wa kamfani cewa inuwa ce ta jawo ba. Gaskiyarta ne, ni ma da ban sani ba.

Da yamma na tafi gidan Baba. Yana zaune a ƙarƙashin rumfar inabi, kwat ɗin tana rataye a jikin ƙofa, ya goge ta da buroshi.

“Baba, ka daina zuwa bakin ramin nan.”

“Titin gwamnati ne.”

“Na san abin da kake yi.”

“Aiki nake dubawa. Rabin rayuwata ina toshe tsagar nan da farar ƙasa da gashin akuya, yanzu kuma a hana ni kallo?”

“Da kwat ɗin da Mama ta ajiye maka?”

Ya dubi kwat ɗin. “Asu ya fara cin ta. Gara ta sha iska.”

“Ka yarda da camfin nan ko ba ka yarda ba? Ka ba ni amsa ɗaya.”

“Ban yarda ba.”

“To me kake yi a can?”

Ya gyara zama, ya ɗaga yatsa, irin yadda yake yi a lacca. “Idan ƙarya ne, tsoho ya sha hantsi, babu wanda ya yi asara. Idan gaskiya ne, bango ya tsaya. A kimiyance ana kiran wannan gwaji.”

“Ni fa?”

“Ke kin girma.”

“Ni fa, Baba?”

Ya sauke yatsan. Sannan ya ce, “Rumyana, na gaji. Ba ciwo ba ne. In tashi da safe in dafa kofi, in zuba biyu, in zubar da ɗaya. Kullum sai na manta. Ba zan yi abin da zai bar miki abin kunya ba, ba za a nuna ki a kasuwa ba. Wannan kuwa ko limami ba zai ce na yi laifi ba. Tsayawa kawai na yi a rana.”

Na yi masa faɗan da maƙwabta suka rufe taga. Na kira shi mai son kai, na kira shi munafukin malami, na ce da Mama tana nan da ta kwaɗa masa muciya. Ya ce da tana nan ai da ba a kai nan ba. Na fasa masa faranti ɗaya, ya tashi ya ɗauko tsintsiya ya share, ya ce in gaishe da gida.

Ni ban yarda da inuwa ba, har yau ban yarda ba. Amma na san mahaifina. Mutum ne da bai taɓa makara a rayuwarsa ba, bai taɓa saɓa rana ba. Idan ya sa wa kansa kwana arba'in, ba ya bukatar wani bango ya taimake shi, zai cika alkawari da kansa. Abin da ya hana ni barci ke nan. Na yi tunanin kulle shi a gida, na tuna yana da taga da tsani. Na yi tunanin ɗaga bikin, na tuna motar kankare. Har ranar ta zo ba ni da wata dabara.

Gari ya waye tas, ko gajimare ɗaya babu, kamar an yi odarsa. Limami ya zo da kwanon ruwa da damin ɗoɗɗoya na yayyafi, magajin gari ya zo da jawabinsa, manyan gari suka zo da matansu. Duk suka shiga ta ƙofar baya suka cusu a cikin ginin, a ƙarƙashin benen da ƙarafa kaɗai suke riƙe da shi, inda rana ba ta kai. Slavova tana ta roƙonsu su fito titi, tana cewa wurin nan ne mai haɗari. Magajin gari ya ce daga nan an fi jin murya. Ni ma ina cikinsu, a sahun gaba, ramin yana gabanmu, bayan ramin titi.

A kan titin mutum ɗaya ne, da baƙar kwat da malafa.

Kowa ya gan shi, kowa ya gane, kowa ya kau da kai. A garinmu idan mutum ya yi niyyar abin da ba shi da kyau, ana ba shi girmansa ne ta hanyar kallon wani wuri. Magajin gari ya karanta jawabinsa ya fara daga Turkawa. Limami ya tsoma ɗoɗɗoya ya yayyafa. Usta Jelyo yana cikin rami da mutum biyu, suna riƙe da dutsen da igiya, ya sunkuyar da kai ya ƙi duban kowa. Baba ya matsa gaba. Inuwarsa ta gangara ta kwanta a inda ya yi ta gwadawa, da malafarta.

Ban yanke shawarar komai ba. Na dai ga kaina ina ture matar magajin gari, na fita ta ƙofar baya, na zagaya ginin da gudu, ni da rabon da in yi gudu tun ina makaranta. Na ɓullo titin ta bayansa. Bai ji ni ba, kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya. Na matsa har na kusa taka masa dunduniya, na tsaya.

Ni mace ce mai jiki, Baba kuwa ya ƙanƙance. Inuwata ta haɗiye tasa gaba ɗaya, har malafar. Don kada a sami kuskure na buɗe rigata ta sama da hannu biyu. Daga cikin ginin na ji Gwaggo Ginka ta ce, “Wayyo, 'yar Velika!” A daidai lokacin igiya ta saki, dutsen ya zauna da wata ƙara mai nauyi.

Baba ya ga inuwarsa ta yi kafaɗun da bai san da su ba. Ya juyo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar jana'izar Mama. Ya sa hannu biyu ya hankaɗa ni da wani ƙarfi da ban san yana da shi ba, har na faɗi zaune a tsakiyar titi.

“Matsa! Matsa daga nan, 'yar banza!” Ya juya ya leƙa ramin. “Jelyo! Ɗaga dutsen nan! Ɗaga shi yanzu!”

“Ya zauna, Shugaba.”

“Na ce ka ɗaga!”

“Ba a ɗagawa. Kai ka fi ni sani, kai ka yi bincike.”

Direban mota, wanda baƙo ne bai san kowa ba, ya ga an ɗora dutse, ya ga magina sun fito, sai ya saki kankare. Muka tsaya muna kallo yana malala har ya rufe dutsen.

Baba ya cafki Usta Jelyo a kwala. “Inuwar wa ka danne? Tawa ko tata?”

“Ni dutse nake kallo, Shugaba.”

“Ya Allah,” in ji Baba. “Ya Allah, ka kiyaye.” A gaban limami da magajin gari da rabin mutanen da ya yi wa lacca. Limamin ya nuna halin girma, ya yi kamar yana neman wani abu a cikin kwanonsa.

Sannan ya dawo kaina, ina zaune a titi ina haki. Ya sunkuyo. “Ba ke kika ce ba ki yarda ba?”

“Gwaji ne, Baba.”

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, abin da bai taɓa yi ba tun ina yarinya. Sai ya ɗora shi a goshina yana jin ko da zazzaɓi.

Da la'asar aka buga min ƙofa. Baba ne, da ƙaramar jaka da tukunyarsa ta miya. Bai gaishe ni ba. Ya wuce ɗakin ɗana ya ajiye jaka, ya fito ya buɗe firji, ya zubar da rabin abin da yake ciki, ya ce wannan ba abincin mutum ba ne.

Ban taɓa shan wahala irin ta kwanakin da suka biyo baya ba. Ya hana ni hawa tsani a wurin aiki. Ya hana ni tuƙi. Shi yake raka ni gidan tarihi da safe, ya riƙe min hannu a tsallaken titi kamar 'yar firamare, ni da furfurata, ya kuma zo ya ɗauke ni da yamma. Ya ja ni wajen likitan nan da ya ƙi yi wa sallama, ya sa aka duba ni ciki da bai, da likita ya ce ina da hawan jini kaɗan Baba ya kusa suma. Kullum sai ya sa ni na hau sikeli, idan na ragu ko yaya ne sai a ƙara man shanu. Yana dafa wake da nama, yana gasa barkono, yana haɗa kindirmo da kansa don bai yarda da na kanti ba. Kuma tunda ba na cin abinci ni kaɗai, na gaya masa haka tun ranar farko, dole ya zauna ya ci. Na ce cokali ɗaya nasa, cokali ɗaya nawa. Ya kira wannan zalunci, amma ya ci.

A gari kuwa ana kallona da tausayi. Gwaggo Ginka ta daina karɓar kuɗi a hannuna, tana ƙara min banitsa tana share hawaye. Mai hoto ya tare ni a hanya ya ce idan ina da bukata zai yi min da kyau. Ni kuma sai ƙiba nake yi, siket ɗina duk sun ƙi shiga. Baba ma wuyansa ya fara cika kwalar riga. Wani lokaci idan na idar da wanke-wanke sai in same shi a bakin ƙofar kicin yana kallona kawai, idan na juyo ya ce gishiri yake nema. Tausayinsa yana kama ni, don tsoronsa na gaske ne, ni na jawo masa shi da gangan. Amma ban yi nadama ba.

Kwana arba'in suka cika ranar wata Talata. Na sani, shi ma ya sani, babu wanda ya ɗaga maganar. Ranar ya hana ni fita ko ƙofar gida, ya zauna a kujera yana fuskantata da jarida a hannu, bai juya shafi ba. Washegari na tashi da raina, da lafiyata, da yunwa. Na fito na tarar ya dafa kofi ya zuba biyu. Jakarsa tana bakin ƙofar ɗaki, ya haɗa ta.

Na zauna. Na ɗauki kofina. Na yi ta neman abin da zan ce wanda ba faɗa ba ne, ban samu ba.

Ya yi gyaran murya yana kallon taga. “Na yi tunani a kan batun nan. Akwai saɓani tsakanin masana.”

“Wane batu?”

“Kwanakin. A nan garin arba'in ake cewa. Amma a ƙauyukan kan dutse na ji tsofaffi suna cewa shekara guda.”

Na ajiye kofin a hankali. “Ni kuma na ji ana cewa uku.”

“A ina?”

“Wajen kogi. Wata tsohuwa.”

Ya daɗe yana nazari. Ya san babu wata tsohuwa, ya san ban taɓa zuwa wajen kogi da sunan bincike ba.

“Mutanen kogi ba a raina ruwayarsu,” in ji shi. Ya tashi ya ɗauki jakar ya mayar cikin ɗaki. Daga can na ji yana buɗe durowa, sannan ya ɗaga murya. “Ɗakin nan da sanyi, Rumyana. Sai kin raka ni wajen maƙwabcin nan in karɓo rigata, ni kaɗai ba zan iya buɗe baki ba.”